Kujerar Hagu

Auta ta juya farantin a hankali, ɓangaren da babanta bai taɓa ba ya dawo damansa.

"Kai, an ƙaro?" in ji baban nata, mai aski, yana washe baki. "Asibitin nan akwai mutunci."

Ɗakin maza ya kwashe da dariya, har da tsohon direban da ke gadon hagu. Maman Biyu ma ta dara, amma tata ba ta kai ciki ba. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da mijinta a shagonsa, ƙwaƙwalwarsa ta manta akwai wani abu wai shi hagu. Idonsa lafiya lau, amma rabin faranti yake ci, rabin fuska yake wankewa. Mutumin da ya shekara talatin yana daidaita sajen mutane, yanzu gefe ɗaya na gemunsa yake tajewa, ya ce ya gama.

Likita ce ta ɗauke kujerar Maman Biyu daga dama ta dire ta a hagu. "Mama, ke yake nema," ta ce. "In kika zauna inda yake gani, ba zai koyi waiwaye ba. Ki daure."

Yau kwana tara tana daurewa, kuma kwana tara rabon da ya dubi idonta. Muryarta yana ji sarai, sai dai dama yake juyawa nemanta, inda ƙarfen rataya ledar ƙarin ruwa yake tsaye.

"Ka sha magani?" ta tambaye shi.

Ya ƙare wa ƙarfen kallo. "Maman Biyu, ke ce kika rame haka?"

Direba ya yi dariya har da buga gado. Auta ta toshe baki da mayafi. Maman Biyu kuwa abin ya soke ta, don ta san wasan nasa, da shi yake rufe tsoro. Jiya ta ji yana tambayar Auta ƙasa-ƙasa, ko uwarta fushi take yi da take ɓoye masa. Ba abin da ba su gwada ba: jan ƙyalle, tafi, ƙarar waya, turaren da ya saya mata. Ta ƙudurta a ranta, in bai waiwayo ba yau, za ta mayar da kujerarta dama, likita ta yi ta faɗanta.

"Ni dai sumar nan ta ishe ni," in ji direba, yana susar kai. "Ga mai aski a maƙwabta, ga ni kamar tunkiya."

Maman Biyu ta dubi jakarta. Almakashin mijinta na ciki, tun ranar da ta tsince shi a ƙasan shago. Shekara talatin ba a bar ta ta yanke ko zare da shi ba.

"Baba direba, zauna da kyau."

"Kin iya?"

"Ko kusa."

Ta kama suma cunkus ta danna almakashi. Bai yanka ba, ya dai tauna. Direba ya yi ƙara.

Mai aski ya ajiye cokali. "Wa ke riƙe da almakashina?"

Maman Biyu ta sake dannawa, ƙiris, ƙiris, da gangan a karkace.

"Wannan ba aski ba ne, zalunci ne! Mataji ake fara sawa! Wane ne?"

Ya duba dama, ƙarfe ne. Ya dubi Auta, hannunta wayam.

"Baba, ci gaba," in ji Auta. "Bi ƙarar."

Wuyansa ya soma juyawa kamar tsohuwar ƙofa. Ya wuce ƙarshen gado, ya tsaya. Maman Biyu ta kama wani cunkus ɗin.

"Wayyo kunnena!" in ji direba, ko da yake ba ta je kusa da kunnen ba.

Kan ya ƙarasa juyowa. Ya ga almakashin, ya bi hannun da ke riƙe da shi, ya hau har fuska. Idonsa ya shiga cikin nata ya zauna.

Auta ta rangaɗa ihu ta ruga kiran likita, takalmi ɗaya a ƙafa. Masu jinya suka hau tafi. Maman Biyu tana dariya tana hawaye, farin ciki ya hana ta ko ajiye almakashin.

"Ina kika shiga kwana da kwanaki?" ya ce.

"Ina nan. Nan ɗin nan."

"To, ba ki rame ba."

"Ni fa?" in ji direba, yana shafa ramin da aka yi masa a ka. "Haka za a bar ni?"

"Yi haƙuri, maƙwabci, zan gyara," in ji mai aski, bai ko dube shi ba. Ya miƙo hannun dama ya riƙe bakin mayafinta gam. "Ke kuma kada ki motsa tukuna. Bari in haddace hanyar."