Ranar da Ambrus Ya Tsayar da Kiɗa

Ambrus Bognár malamin piyano ne a makarantar kiɗa ta garin Pécs. Yara na kiransa Kawu Ambrus, suna tsoronsa, suna kuma rububin shiga ajinsa. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa tun yana saurayi a babbar makarantar Budapest yake kiɗa tare da Piroska Halmi, wadda yanzu hotonta da gogenta suke manne a tagogin kantunan faifai. A wancan lokacin malamansu kan ce in ka rufe ido ba za ka gane inda goge ya ajiye piyano ya ɗauka ba. Sun ci gasa, har an gayyace su ƙasar waje, sai mahaifin Ambrus ya kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, ga shi ba shi da wani ɗa sai shi. Ya tattara ya koma gida, Piroska ta tafi ita kaɗai.

Sunanta ya yi ta tashi daga Vienna har Tokyo. Shi kuwa ya yi jinyar tsohonsa har ya binne shi, ya auri Jolán, ya ci gaba da koyarwa. Ba wanda ya taɓa jin ya ce ya yi asara. Kowace safiya kafin yara su iso yana gaban piyano yana wasa yatsu, kamar wanda za a kira fage gobe.

Furfura ta riga ta cinye kansu su duka biyu lokacin da ta bugo masa waya.

"Malam, kana nan da ranka?"

"Ranki ya daɗe, gimbiyar goge. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Faifai zan yi, kiɗan mutum biyu, kuma kai nake so."

"Kamfanin naku ba shi da samari masu gashi a ka?"

"Sun kawo mini ɗaya, na ce su riƙe abinsu."

"In tausayi ne, Piroska, ki kai shi asibiti, can ake bukatarsa."

"Wane tausayi? Na gaji da mutanen da duk abin da na yi sai su ce ya yi. In yatsunka sun tsufa ne ka faɗa mini, in nemi wani."

Wannan maganar ce ta kai shi tashar jirgin ƙasa.

A wata tsohuwar majami'a kusa da tafkin Balaton aka shirya ɗaukar faifan, saboda sautin cikinta mai laushi ne. Gellért, mutumin kamfani, ya kafa na'urorinsa a ɗan ɗakin gefe. Da safe suka yi sassan kiɗan masu sauri, komai ya tafi daidai, har Gellért ya fara kallon malamin ƙauyen da wani ido. Bayan sun sha miyar kifi mai jan barkono suka dawo kan sashen da ake bi a hankali, inda piyano ke fara magana ƙasa-ƙasa, goge ya amsa masa.

Ambrus ya fara. Piroska ta shigo da gogenta, da irin muryar da take cika manyan ɗakunan taro da ita, mai kauri, mai sheƙi, ta danne piyanon gaba ɗaya. Ya bi ta na ɗan lokaci, sannan ya ɗage hannuwansa ya ɗora a kan gwiwa.

Gogen ya yi gaba shi kaɗai, ya tsaya. A ɗakin gefe ba wanda ya motsa. Shekara da shekaru ba a taɓa tsayar da Piroska Halmi tana tsakiyar kiɗa ba.

"Lafiya, Malam? Ka ɓata ne?"

"Ni ina nan inda nake. Ke ce kika tafi." Ya juyo ya dube ta. "Da wa kike magana haka da ƙarfi? Kujerun nan ba kowa a kansu. Mu biyu ne, ga ni nan kusa da ke, kuma kunnena lafiya lau."

Fuskarta ta yi ja. Gellért ya leƙo yana murza hannu, ya ce ai ba damuwa, zai iya rage gogen a na'ura daga baya.

"Koma ciki, ɗana," in ji Ambrus. "Na'urarka tana iya rage ƙara, amma ba za ta sa ta saurare ni ba."

Piroska ta ajiye gogen ta fita. Ta taga yana hango ta tsaye a ƙarƙashin bishiya, ta harɗe hannu a ƙirji. Ya yi tunanin jirgin yamma, da abin da zai ce wa Jolán in ya koma ba faifai. Ya auna, ya ga ko da za a maimaita, abin da zai faɗa ke nan.

Da ta dawo ba ta dube shi ba. Ta jawo kujera ta zauna daf da piyanon, kamar yadda suke yi a ɗakin gwaji suna ɗalibai, maimakon ta tsaya a gaba.

"Bakinka bai canza ba, tsohon banza," ta ce. "Fara."

Ya fara, ƙasa-ƙasa, bai ƙara ko kaɗan don ya taimake ta ba. Ta jira har sautinsa ya kusa mutuwa, sannan ta shigo daga ƙarƙashinsa, siririya kamar zare. Ya ji gashin hannunsa ya miƙe. Suka bi juna har ƙarshe ba tare da sun kalli takarda ba, ita ta ba shi hanya, shi ya mayar mata. Da suka gama, Gellért ya tambaya a hankali ko za su sake don a samu na ajiya.

"Ka ji wani abin gyara?" in ji Piroska.

"A'a, ranki ya daɗe."

"To rufe na'urarka."

Faifan ya fito da kaka, sunayensu biyu a jere, girmansu ɗaya. Jaridun Budapest suka yi ta tambayar inda wannan mai piyano ya ɓuya duk shekarun nan, abin da ya ba mutanen Pécs dariya, don rabin garin a hannunsa suka koyi kiɗa. A Pécs aka yi wasan farko, ɗakin ya cika har bakin ƙofa, tsofaffin ɗalibansa da 'ya'yansu suka miƙe tsaye suna tafi. Jolán tana layin gaba, ta ƙi kuka sai da aka kashe fitilu.

A bayan fage Piroska ta ce masa Vienna na son su a watan Yuni, Paris ma ta yi magana.

"Yuni yarana na jarrabawa," in ji shi yana sa rigar sanyi. "Ki ce musu Yuli."

Haka kuwa aka yi, Vienna ta jira.