Gashin Tsigi

Ɗakinmu yana saman inda ake dafa man, don haka komai namu ƙanshin kanumfari yake yi: katifa, labule, har burodin da ya kwana a leda. Ginin na Yaya ne, yayar mijina. Ƙasa shago ne da ɗakin haɗa man gashi. Sama ita ke da ɗakuna uku, mu muna da ɗaya da ɗan kicin a lungu. Mun dawo nan lokacin da kamfanin da mijina yake tuƙa wa mota ya rufe. Yaya ta ba mu ɗaki, ta ba shi babur ɗin kai wa masu saye kaya, kuma ba ta taɓa yi mana gori ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka muguwa ce.

Man kuwa a hannuna ya samo asali. Tun ina gidanmu nake son jagwalgwala ganyaye. A barandarmu ina da tsofaffin gwangwanayen fenti da na shuka na'a-na'a da ɗoɗɗoya da alobera a ciki. Nakan jiƙa hulba a man kwakwa, in ajiye kwalbar a rana har ya yi ruwan zuma, in tace, in shafa wa 'yata idan zan yi mata kitso. Shekararta huɗu, muna ce mata Tsigi saboda ƙanƙantarta da yawan tsalle. Gashinta baƙi wuluk, ga cika, ga tsawo har kafaɗa. Gadon mahaifiyata ne, na kuma sha faɗa.

Wata rana Yaya ta hau sama ta tarar ina yi mata kitso, ina zura 'yan duwatsun da nake naɗawa da takarda mai launi. Ta ɗauke mu da waya ta saka a shafinta. Kafin mako ya zagayo, mata sun dame ta da tambayar wane mai ne. Daga nan aka daina sayar da turare a shagon, aka sayo manyan tukwane, aka buga hoton Tsigi a jikin kwalba.

Ba a daɗe ba masu saye suka fara ƙorafin ba sa jin yana aiki. Sai Yaya ta ƙara man kanumfari da man na'a-na'a da citta, har ya koma kore-kore, yana ɗan yaji a fata. Da na ce ya yi ƙarfi, dariya ta yi ta ce mutane ba sa yarda da maganin da ba ya cizo. Ciniki kuwa ya ninka.

Sau biyu a mako ake ɗaukar bidiyo. Akwai farar kujera a bayan shago da wata fitila mai zagaye. Tsigi ta zauna, in tsefe mata kai, Yaya ta ɓalle murfin sabuwar kwalba a gaban waya don kowa ya ga ba wani mai aka canza ba, ta tsiyaya, ta murza, sannan in yi sabon kitso. Kowane zama da irin kitsonsa. Nakan kwana ina zana shi a raina, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin yabon da mata suke rubutowa.

Da susa Tsigi ta fara. Na ɗauka zufa ce, na wanke mata kai. Bayan kwana biyu na ga ja a bayan kunnenta. Da na buɗe tsakiyar kan, sai ga wuri kamar faɗin murfin kwalba, ya yi jawur yana tsatstsafo ruwa, gashin wurin yana biyo mataji ba tare da na ja ba.

Na goya ta zuwa ƙaramin asibitin da ke bayan tasha. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta duba ta tambaye ni me nake shafa mata. Na lissafa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce fatar yaro ba ta babba ba ce, abin da babba zai ji ɗan yaji shi yaro ƙuna yake yi masa. Ta ba ni wani farin man shafawa, ta ce a daina komai, ba mai, ba kitso, ba mataji, a bar kan ya sha iska har ya warke. Ta ƙara da cewa in aka ci gaba, wurin zai iya yin tabo, gashi kuma ba ya fitowa a kan tabo.

Mijina na fara faɗa wa. Ya dawo ya gaji, na zuba masa wake da kabewa da alayyafo, don tun da Yaya ta fara tallar rayuwa da tsirrai zalla, har a abinci, nama ya daina hawa benen nan. Ya saurare ni har ƙarshe, ya kira Tsigi ya duba, na ga ransa ya ɓaci. Ya ce zai yi wa Yaya magana. Washegari ya ce bai same ta ita kaɗai ba. Rana ta uku da na matsa, ya ajiye cokali.

"Maman Tsigi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗakin nan nata ne, babur nata ne, waken nan ma ita ta auno. Da wane baki zan ce ta rufe shago?"

Na ce ban ce a rufe shago ba, kan 'yata nake so a bari. Ya ce a wurin Yaya ai duk ɗaya ne.

Sai na sauka da kaina. Na same ta tana liƙa takardu a jikin kwalabe. Na buɗe mata kan. Ta yi salati a hankali, ta ɗora Tsigi a cinya, ta aika aka yanko alobera daga barandata ta shafa mata da hannunta. Tana son yarinyar, Allah bai ba ta nata ba. Amma da na faɗi abin da nas ta ce, sai fuskarta ta canza. Ta ce 'yan asibiti ba su da aiki sai kushe maganin gargajiya. Ta ce zafin gari ne. Ta ce wani babban kanti ya yi odar kwali-kwali, kuma sharaɗinsu shi ne bidiyo kada ya tsaya. Na roƙe ta ko man nawa na da, marar yaji, a zuba a kwalbar. Ta ce launinsu ba ɗaya ba ne, masu kallo kuma idonsu kamar na shaho.

"Ke da hannunki yake zana abin da aka ga dama," in ji ta, "ki yi kitson da zai rufe wurin mana. Zama biyu kacal, amaryarmu. In kayan nan suka tafi sai ta huta."

Shekara shida da aurena, har yau amaryarmu take ce mini, musamman in tana son wani abu.

Na yi kitson. Na kwaso gashi daga gefe biyu na tufke shi a kan ciwon kamar kwando, na sa manyan duwatsu uku. Ya yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yaya ta yi ƙoƙarin kauce wa wurin, amma mai ba ya jin magana, inda ya ga dama yake gangarawa. Ina tsaye bayan fitila ina kallon 'yan yatsun ƙafar Tsigi suna lanƙwashewa a cikin takalmi. Fuskarta kuwa murmushi take, irin wanda gwaggonta ta koya mata, haƙora a waje, kai a karkace.

Da muka hau sama ta tambaye ni, "Mama, na yi murmushi daidai?"

Na ce ta yi. Na tsefe kitson, na wanke kan, na shafa maganin nas. Da la'asar ina yanka albasa na ji wani sauti, ƙurus, ƙurus. Na leƙo. Tana tsaye a bakin ƙofa ta jingina tsakiyar kanta da kaifin katakon, tana gogawa sama da ƙasa, idonta a rufe. Na hana ta susa da hannu, shi ne ta samo dabara. Katakon ya yi jini.

Na zauna a ƙasa na rungume ta, ina lissafin inda zan je. Gidanmu yana da nisa, mahaifiyata kuma a ɗakin yayana take zaune, ita ma a ƙarƙashin wani. Ba ni da sana'ar da ta wuce wadda ke ƙasan ƙafata. In na ce a'a, Yaya za ta lallashe ni, mijina ya yi shiru, ranar ɗauka ta zo in tsinci kaina da mataji a hannu. Na san kaina. Muddin gashin nan yana kanta, za a sami dalilin zama ɗaya, sannan wani ɗayan.

Da safe bayan mijina ya fita, na riƙe hannunta muka tafi shagon mai aski a bakin titi. Yana ganinmu ya washe baki, ya ce yau kwalba ce da kanta ta zo shagonsa. Matarsa ma tana saye. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ɗauka wasa nake.

"Hajiya, ki rufa mini asiri. In na taɓa kan nan, matan layin nan za su fasa mini madubi, tawa ce ma za ta fara jifa."

Na buɗe masa wurin. Ya daina dariya. Ya ajiye injin, ya ce ba zai sa ƙarfe mai zafi a nan ba, ya wanke almakashi ya ɗora ta a kan matashi. A hankali ya bi, yana ba ta labarin wata akuyarsa mai cin sabulu. Gashin yana zuba a kan farin ƙyalle, ni kuma na kafa ido a kan kalandar bango. Da ya gama, Tsigi ta kalli madubi ta shafa kanta da hannu biyu.

"Na zama Baba," ta ce, ta fashe da dariya.

A hanya ta yi ta juya kai wai iska tana yi mata cakulkuli.

Yaya tana bakin shago muka iso. Ta dube mu, ta nemi kujera ta zauna. Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce mu tattara kayanmu, har na fara tunanin wanda zan bar wa gwangwanayen shukata. Ta jawo Tsigi, ta juya kanta hagu da dama kamar mai duba kankana a kasuwa. Sai na ga idonta ya yi haske.

Ta ce ai wannan ma ya fi. Ta ce dama wasu suna rubuto cewa gashin gado ne, ba mai ba. Yanzu za a rufe musu baki. Za a ɗauki kan yadda yake, daga gefen da ba ciwo, a riƙa shafawa duk mako ana aunawa da tef a gaban jama'a har ya dawo kafaɗa. Shekara guda ta bidiyo, ko biyu. Tana magana tana neman wayarta a jaka.

Ban san lokacin da hannuna ya kai ga ɗankwalina ba. Na zare shi, na warware gammon da na yi da gashina. Nawa ma na mahaifiyata ne, ya fi na Tsigi tsawo, ba wanda ya taɓa ganinsa a gidan sai mijina.

"Ga kai, Yaya. A yanke shi daidai inda kike so, a auna, a shafa. Amma nata ba mai sake taɓawa, ko da ruwan sanyi ne, sai ni."

Ta taso ta kama jelar ta auna da tafin hannunta. Ta ce ba zai ja mutane kamar na yarinya ba, amma uwar yarinyar kwalba ma labari ne. Ta tambaya ko zan jure sau biyu a mako. Na ce zan jure. Ta ce to, Tsigi ta huta.

Mijina da ya dawo ya ji, ya daɗe yana shafa kan 'yarsa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne a riƙa ɗauka ta baya, kada a nuna fuskata. Yaya ta ce dama fuskar ba ta cikin lissafi.

Ciwon ya bushe cikin 'yan makonni. Gashi ya fara tsirowa ko'ina, har a tsakiyar, sai wani ɗan wuri kamar ƙwayar wake da har yanzu nake dubawa kowace safiya. Nas ta ce a ba shi lokaci.

Yanzu ni ke zama a farar kujerar, fuskata ga bango. An yanke mini gashin zuwa kunne. Ina jin ƙarar ɓalle murfi, sai sanyi a tsakar kai, sai yajin ya biyo baya ya sauka har wuya. Yaya tana yi wa waya bayanin hulba da kanumfari. Ta ƙofar baya ina hango Tsigi a tsakar gida da kanta a buɗe a rana, tana ba shukokin da na sauko da su ruwa da kofin shayi, rabi a gwangwani rabi a ƙafarta. Bayan kunnena na dama ya fara ƙaiƙayi tun makon jiya. Na matse hannuwana a tsakanin gwiwoyi har Yaya ta ce an gama.