Butar da Muka Kai Panyu

Mu bakwai ne kacal 'yan jiharmu da ke sayen kaya a Guangzhou a shekarar 1998, amma muna da ƙungiya, da shugaba, da sakatare, har da hatimin roba da aka sassaƙa mana a unguwar Sanyuanli. Ni Tankari ne sakatare, don rubutuna ya fi na kowa kyau. Alhaji Maidaji mai sayen takalma shi ne shugaba, don ya girme mu, kuma in ya fara magana babu mai iya katse shi.

Jihar tamu sabuwa ce, yanko ta aka yi daga wata. Da bikin zagayowar ranar kafa ta ya ƙarato, kowace ƙungiya tana aika wasiƙa a buga a jarida. Nan rigima ta tashi. Maidaji yana son mu rubuta wasiƙar godiya ga gwamnatin jiha. Ni ina son wasiƙar koke. Hatimi kuwa ɗaya ne, wasiƙa ɗaya za a buga.

Hujjata ba ɓoyayyiya ba ce. Duk wata Abuja tana turo wa jihar kasonta, an kuma yi shela a rediyo cewa an ware asusun tallafa wa 'yan kasuwa. Sau uku ina cike fom, na kai hotuna har mai hoton ya fara gaishe ni da suna. Abin da na samu daga asusun nan kalanda ce, ita ma ta bara. Maidaji kuwa cewa yake laifin Abuja ne, tana ba manyan jihohi tsoka mu ta jefo mana ƙashi, amma duk da haka ga shataletale an gina, ga fitilar ba da hannu.

“Alhaji, fitilar ba da hannu a garin da babu wuta?”

“Za a kawo wutar, Malam Tankari. Kai matsalarka gaggawa.”

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mukan haɗu a wani shagon taliya na Musulmin China a titin Huanshi Lu. Uku suna bayana in na haɗa da kaina, uku suna bayan Maidaji in ya haɗa da kansa. Na bakwai shi ne Ilu mai agogo, wanda ra'ayinsa na wanda ya yi magana a ƙarshe ne. Saboda Ilu mun taɓa kaiwa la'asar a kan teburin nan, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya gaji ya yi shiru.

Saura mako guda a yanke magana Maidaji ya dawo daga gida. Ya shigo shagon da wani abu a naɗe cikin tawul, ya ture kwanukan taliya gefe, ya kwance shi a hankali kamar mai nuna jariri ranar suna. Buta ce ta roba, koriya mai ratsin fari. A jikinta an manna takarda mai tutar ƙasa, an rubuta cewa masana'antar robobi ta jiharmu ce ta ƙera ta.

“To ga tallafin da kake tambaya,” in ji shi. “A garinmu aka gina masana'antar. Filin ma na gidanmu ne, ni na shawo kan 'yan'uwana muka bayar kyauta, don yaran garin su samu aikin yi.”

“Ka shiga ciki?”

“Na ga ginin, na ga allon, na ga maigadi da kakinsa. Ciki dai an ce sai ma'aikata, injinan ba sa son cinkoso.”

Ilu ya ɗauki butar ya jinjina ta, ya ce, “Kai, ma sha Allah!” Na ga ƙuri'ata tana zamewa a idona. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin buta sana'ata ce. Shekara biyu ke nan kwantena nake lodawa ta butoci da bokitai, sai ga mai takalma zai kayar da ni da buta.

Sai na ce, “Alhaji, ni da kai duk ba mu san sirrin roba ba. Mu kai ta garin Panyu wajen laubana, mai masana'antar da nake sayen kaya, ya duba. In ya ce aikin kirki ne, ni da hannuna zan rubuta godiyar.”

Na san Lauban Chen. Babu kayan wani da ya taɓa yabawa a duniya, ko shayin maƙwabcinsa ya sha sai ya ce ruwan bai tafasa ba.

Ranar Litinin da safe muka hau bas. Maidaji ya rungume butar a cinya, duk tsawon hanya yana nuna mini gine-ginen Sinawa ta taga yana cewa da haka su ma suka fara.

Lauban Chen ya tare mu a bakin masana'antarsa da singileti da sigari a baki. Muka yi gaisuwarsu ta nihau nihau, na miƙa masa butar, na ce da ɗan Turancin da muke cin kasuwa da shi ya faɗa mana ingancinta. Na koma gefe na harɗe hannu ina jiran ya yatsine fuska.

Bai yatsine ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta, ya shafa ƙarƙashin mariƙin da babban yatsa, sai ya washe baki. “Good! Very good! Number one!”

Maidaji ya dube ni, hularsa har ta ƙara tsawo.

Lauban bai tsaya nan ba. Ya kama hannun rigar Maidaji ya ja mu ciki, ya ciro wata buta daga tulin da injin ke tofowa, koriya mai ratsin fari, ya jera su biyu a kan benci. Ya nuna mana wani ɗan tabo a ƙarƙashin mariƙin ta farko, ya nuna irinsa sak a ta biyu, sannan ya nuna tsaga a jikin ƙarfen da ake zuba robar. Ya bugi ƙirjinsa. Da farce ya ɓare takardar mai tuta, ya hura ta ta faɗi ƙasa.

Wallahi daɗin da na ji a wannan daƙiƙa ban taɓa jin irinsa ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai lauban ya dafa kafaɗata, ya juya ni wajen kwalayen da aka jibge har rufi a jikin bango. Kowane kwali da sunana a jiki da baƙin fenti, TANKARI, TANKARI, TANKARI.

“Your goods!” ya ce, yana dariya. “No mark. You say no mark!”

Gaskiya ya faɗa. Babban mai sayen kayana wani ɗan kwangilar gwamnatin jiharmu ne, Alhaji Munkaila, kuma sharaɗinsa guda ne tun odar farko: kada a rubuta komai a gindin buta. Ban taɓa tambayar dalili ba. Mai sayen kwantena guda ba a yi masa tambayoyi.

A bas ɗin dawowa babu wanda ya nuna wa wani gini. Sai da muka kusa gari Maidaji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ashe kai ne masana'antar.”

“Alhaji, na rantse ban sani ba.”

“Na yarda. Amma tallafin ya iso gare ka, Tankari. Ta bayan gida ya shigo, shi ya sa ba ka gane shi ba.”

Kwana huɗu ina juya maganar. In wasiƙar koke ta fita, za a tambayi ina kuɗin masana'anta suka shiga, a buɗe ginin a ga babu komai sai tebur da kwanon gam. Daga nan Munkaila ba zai sake neman buta ko ɗaya ba, ni kuma rabin kasuwata ke nan.

Ranar Juma'a, kafin a fara cin taliya, na miƙe na gyara murya. Na ce na yi tunani, jiha jaririya ce, bai kamata a riƙa yi mata tsawa ba. Na ce Abuja ce ke danne mana kaso. Har shataletalen na yaba. Mutanena biyu suka saki baki suna kallona kamar na zo da wando a kai.

Sai Maidaji ya miƙe. Ya ce shi kam koke yake so a rubuta, mai zafi, a tambayi gwamnati abin da ke cikin ginin da aka yi a filin ubansa. Nasa mutanen biyu suka fara kallon juna.

Ilu ya dafe kai. “Don Allah ku tsaya! Wa ke ina yanzu?”

Na jira Maidaji ya faɗi sunan da ke jikin kwalayen. Kalma ɗaya ta ishe shi ya gama da ni a gaban kowa, kuma ya dube ni har na sunkuyar da kai. Bai faɗa ba. Ya zauna ya jawo kwanonsa. Da na ga haka sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa: na sake miƙewa na ƙara 'yan kalmomi, don in zama na ƙarshe.

Mutanena suka bi ni don sun saba bina, Ilu ya bi ni don ni na rufe baki, mutanen Maidaji kuwa da ma godiya suke so. Na rubuta wasiƙar a nan kan teburin, da rubutuna mai kyau, na yaba wa gwamnati bisa farfaɗo da masana'antu. Maidaji ya karɓi hatimin ya buga da hannunsa, ya ce hukuncin ƙungiya ne, shi kuma shugaba ne. Da aka miƙa masa biro sai ya ture shi.

Haka aka buga ta a jarida da sunaye shida. A cikinmu duka mutum ɗaya ne ya taɓa yarda da abin da wasiƙar ta ce, kuma sunansa ne babu.