Igiyar Rufin Gidan Myrvang

Rufin gidan Myrvang ya tsage ranar Asabar da hantsi, a gaban matar da ta zo sayen rabin gidan. Babu wanda ya ji ciwo. Babban katakon da ke ɗauke da tsakiyar rufin ne ya dare, bututun hayaƙi ya karkata, matar kuwa ta koma motarta ko safar hannu ba ta cire ba. Masu gidan, Oddvar Myrvang mai shekara saba'in da uku da ƙanensa Torleif mai sittin da takwas, kowa ya ɗora laifin a kan ɗan'uwansa.

Abin ya faru a Skardvik, ƙauyenmu da ke ƙarshen titi a arewacin Norway, a mako na biyu na Fabrairu, bayan kwana tara ana zuba dusar ƙanƙara babu ɗagawa.

Gidan na ubansu ne. Kafin ya rasu ya raba shi da bango a tsakiya, daidai ƙarƙashin ƙololuwar rufin. Ɓangaren kudu mai kallon titi ya zama na Torleif, na arewa mai kallon dutse ya zama na Oddvar. Kowa da ƙofarsa da murhunsa, amma rufin ɗaya ne.

A Skardvik ko jariri ya san ba a kwashe ƙanƙarar rufi gefe ɗaya, don nauyi zai koma ɗaya gefen ya murɗe katako. Gidan Myrvang suna da tasu hanyar. Igiya guda suke jefawa ta kan ƙololuwa, kowa ya ɗaura bakinta a ƙugu, nauyin wannan ya riƙe wancan. Shebur goma a kudu, a yi kira, shebur goma a arewa. Haka suka yi shekara arba'in da ɗaya, har a shekarun da ba sa ga maciji.

Rikicin bana ya fara ne a Oktoba. Torleif ya shekara talatin da biyar yana tuƙa motar share ƙanƙara kafin ya yi ritaya, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Bara matarsa Borghild ta zame a bakin ƙofarta ta karye a ƙugu, ta yi wata biyar ba ta taka waje ba. Torleif ya sami yayansa yana faskare a bayan gida.

"Yaya, mun gama shawara. Wannan ne sanyinmu na ƙarshe a nan. Za mu sayar mu koma kudancin Sifaniya."

Oddvar, wanda bai taɓa aure ba, bai kuma taɓa kwana uku a wajen Skardvik ba tun da ya bar kamun kifi, ya ci gaba da saran icensa.

"Sifaniya," in ji shi. "Ka je ka baje a kan dutse kamar ƙadangare kana gyaɗa wa rana kai."

"Gara ƙadangare da busasshen kifi. Ka duba madubi kuwa kwanan nan?"

"Wa zai saya?"

"Mai so."

"Wa zai riƙe igiya?"

"Wanda ya saya mana."

"To in ya zo ka ɗora shi a sikeli."

Daga ranar magana ta yanke. Oddvar ya daina rataye musu kifi a ƙofa ranar Juma'a. Borghild ta daina aika masa waina ranar Lahadi. In Torleif ya share hanyarsa da safe, sai ya watsa ƙanƙarar ta kan shinge zuwa hanyar yayansa, kafin azahar ta dawo masa da ƙari. Sau biyu rufin ya buƙaci kwasa a Disamba da Janairu, sau biyu iska mai ɗumi ta zo ta narkar da ƙanƙarar kafin ɗayansu ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗaya.

A Fabrairu iska ba ta yi musu wannan alfarmar ba. Daga kudu ta riƙa kaɗawa, tana kwashe ƙanƙara daga gefen Torleif tana jibge ta a gefen Oddvar, har ta fi tsawon mutum. Ana cikin haka dillali ya bugo waya. An sami mai saye, wata ma'aikaciyar jinya daga birni mai suna Ingunn Hamre. Ranar Asabar za ta zo, kuma tana so ta ga kwanon rufin da idonta.

Ranar Alhamis Torleif ya ɗauki igiyar ya zaga ƙofar arewa.

"A'a, ɗan Sifaniya ne da kansa?" in ji Oddvar daga bakin ƙofa. "Ɓatan hanya ka yi? Teku mai ɗumi tana can ƙasa."

"Yaya, rufi ya yi nauyi. Zo mu hau."

"Ni nawa bai kawo mini ƙara ba."

"Ƙofar ɗakinka na sama tana rufuwa?"

Ba ta rufuwa. Tun Talata take cijewa, kuma duk wanda ya girma a nan ya san abin da hakan ke nufi: nauyin ƙanƙara ya fara danne rufin. Oddvar ya ce ƙofarsa ba ta shafi kowa ba.

"Shekara arba'in ina riƙe ka kada ka faɗo," in ji shi. "Yanzu in riƙe ka ka goge gidan ubana ka miƙa wa baƙuwa? Ka ce ta zo ta riƙe ka."

Ya rufe ƙofa.

Ranar Juma'a da rana ta ɗan leƙo, Torleif ya kafa tsani ya hau shi kaɗai, ya ɗaura igiyar a bututun hayaƙi. Borghild ta buɗe taga.

"Torleif, gefe ɗaya? Ka haukace ne?"

"Sama-sama zan rage. Rufe taga, ɗumi na fita."

Bai tsaya a sama-sama ba. Oddvar ya fito da kujera da butar kofi, ya zauna a bakin titi inda zai gan shi sosai.

"Ƙara ƙwazo, ɗan ƙanena! Ga saura can ta kusurwa. Kankare shi tas, baƙuwa ta ga fuskarta a ciki."

"Ka yi shiru, tsohon banza."

"Baba na kallonka."

"Baba ya mutu yana tari a ɗaki mai sanyi. Ni ba haka zan mutu ba."

Awa huɗu ya yi a sama. Da ya sauko, gefen kudu babu ko ɗigon fari, gefen arewa kuwa ba a taɓa shi ba. Oddvar ya naɗe kujerarsa ya shige. Maƙwabta biyu da suka wuce sun ga rufin, sun kuma ce sun ɗauka 'yan'uwan za su gama ɗaya gefen kafin duhu.

Ingunn Hamre ta iso ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar. 'Yar siririya ce. Tana tsaye a tsakar gida Torleif na nuna mata kwanon, sai ga Oddvar ya zagayo.

"Sannu da zuwa, 'yata. Kilo nawa kike?"

"Na'am?"

"Ni tamanin da takwas ne. In na zame ta can, ke za ki tashi sama ta nan. Bai gaya miki ba? Da igiya ake sayar da gidan."

"Kada ki kula shi," in ji Torleif. "Tsufa ne."

Bai rufe baki ba aka ji ƙara kamar harbin bindiga. Ƙololuwar rufin ta lotsa wajen arewa, bulo biyu suka gangaro daga bututun hayaƙi suka nutse a ƙanƙara kusa da ƙafar matar. Borghild ta fito da sandarta, ba riga mai kauri. Oddvar ya juya ga baƙuwar.

"Ga kwano nan, kin gani. Sumul."

Da yamma Eilif kafinta ya shiga ya tokare katakon daga ciki da ginshiƙai shida. Ya ce kada kowa ya kwana a gidan. Aka buɗe musu ɗakin taron ƙauye, Torleif da matarsa suka yi shimfiɗa a kusa da kicin, Oddvar ya kai katifarsa can bakin ƙofa.

Hukuncin Eilif gajere ne. Rufin zai gyaru in an sauke nauyin arewa a hankali kafin wata ƙanƙarar ta sauka. Ba a ɗaura igiya a bututun hayaƙi yanzu, don ya tsage. Sai dai mutum biyu, igiya ɗaya, kamar da. In aka ƙara masa nauyin kwana ɗaya, ginshiƙansa ba za su ɗauka ba, kuma rufin ba zai zaɓi gefen da zai faɗa ba.

Ranar Litinin maza huɗu suka zo da shebur. Suka tarar da Oddvar a gindin tsani.

"Na gode, ku koma. Rufin Myrvang, Myrvang ke hawansa."

"To ga ni," in ji Torleif. "Ɗauki bakin igiya."

"Kira dillalin a gabana ka ce ka fasa."

"Yaya, gidanka ne zai fara rushewa."

"Naka zai biyo shi. Sai ka sayar mata da ice."

"Matata ba za ta ƙara sanyi a nan ba."

"Ta tafi mana. Ita ba ta taɓa riƙe igiya ba."

Torleif ya yi kansa da shebur, Eilif da wani suka riƙe shi. Oddvar bai matsa ba. Torleif ya jefar da igiyar a kan shingen da ke tsakanin hanyoyinsu biyu ya tafi.

Ingunn Hamre ta shaida wa dillali cewa ba ta janye ba, amma ba za ta sa hannu ba sai Eilif ya ce rufin ya tsira. Borghild ta sa an fito mata da akwatuna biyu daga gidan. Tikitinta na ɗaya ga Maris ne, ta kuma ce za ta hau jirgin ko da mijinta ko babu shi. Oddvar ya nemi a kawo masa takalminsa mai ƙusoshi, wanda yake hawa rufi da shi, ya ajiye a gefen katifa.

Masu hasashen yanayi sun ce ƙanƙara za ta dawo ranar Alhamis da safe, mai yawa, da iska daga kudu. Zuwa yammacin Talata igiyar tana nan a kan shinge, ta daskare.