Takardar shanun Baffa Hamma

Ni na rubuta manhajar da ƙungiyar makiyaya ke ajiye bayanan rigakafin shanu a cikinta a Maigatari. Da na gama sakandare a Gumel, a waya na koyi aikin.

Abu ɗaya ya ishe ni. Duk tambayar da ka yi wa rumbun bayanai, sai ka sake rubuta yadda za a bi amsar ɗaya bayan ɗaya. Sai na buɗe laburaren da nake aiki da shi, wato shiryayyen rubutun manhaja da wasu suka yi, na ƙara wa amsar hanyoyi biyu, filter da map. Ta farko ta tace, ta biyu ta juya kowane bayani yadda kake so. Rubutun layi ashirin ya koma biyu. Na gwada bugawa sau uku, takardar rigakafi ta fito.

Ranar Alhamis, ranar kasuwa, Baffa Hamma ya koro shanu arba'in da uku a ƙafa daga Sule Tankarkar. Direban tirela ya ce ba takardar rigakafi ba lodi, kuma da an sallame azahar zai tashi.

Oga Hezekiah, jami'in dabbobin ƙungiyar, ya kira ni.

"Barau, injinka ya haukace. Farar takarda yake ba ni."

"Ka sake dannawa."

"Sau bakwai ke nan! Kai dai taho."

Na hau acaɓa daga Gumel. Da isata na ture kujerarsa, na nemo sunan Baffa, na danna bugawa. Shanu arba'in da uku suka fito reras. Na fizgi takardar na ruga kara, wajen lodin shanu. Na tarar tirela ta tafi da shanun wani.

Na dawo ofis kaina na zafi.

"Oga, yi yadda ka yi in gani."

Ya nemo sunan. Bai danna bugawa ba. Ya fara buɗe jerin a allon kwamfuta, ya ɗora yatsa yana bin lambar kowace saniya, bakinsa na motsi. Sai da ya kai ƙarshe ya buga. Fara fat.

Nan na gane. Amsar rumbun sau ɗaya ake karanta ta. Allo ya cinye ta, injin bugawa ya tarar da wayam. Laburaren na asali yakan yi gargaɗi in an sake nema. Nawa filter ɗin shiru ya yi.

"Wa ya ce ka duba kafin ka buga?"

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa sa hannu a abin da idona bai bi ba. Sai yau ɗan waya zai hana ni?"

"Da ka gaya mini haka kake yi!"

"Ka tambaya? Ka taɓa zama a nan ka ga yadda ake aikin?"

Ban taɓa ba. Wannan ya fi ƙona mini rai.

Baffa Hamma na tsaye a bakin ƙofa, sanda a kafaɗa. Na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya juya ta, bai iya boko ba.

"Ɗana, za ta kai wata Alhamis ɗin?"

Oga Hezekiah ya ce, "Kwana uku take yi, Baffa."

Tsohon ya mayar mini da ita. Ya yi wa shanun kira, suka juya yamma.