Wuƙar Tsaga Citta

Mama Milka ta fi shekara talatin tana tsaga citta a Kafanchan, kuma duk shekarun nan da wuƙa ɗaya take yi. Marigayi mijinta Abednego ne ya yi mata ita lokacin yana aiki a reluwe, da guntun zarton ƙarfe da ya karye aka jefar. Ba wuƙa ce mai kyan gani ba. Baƙa ce, siririya, an naɗe mariƙinta da robar tayar keke, cikinta ya lotsa saboda yawan wasawa. Baƙo in ya gan ta a ƙasa, da ƙafa zai ture ta ya wuce.

Shi aikin tsaga citta ba a kan katako ake yin sa ba. A tafin hagu ake riƙe cittar, a sa wuƙa a raba ta biyu a tsaye don ta bushe da wuri, kuma bakin wuƙar babban yatsa yake nufowa, a kansa yake tsayawa. Sau nawa a rana, ba wanda ya taɓa ƙirgawa. Saboda haka kowace mace da yadda take barin wuƙarta. Ita Mama Milka tsakiyar kawai take wasawa, kamar faɗin yatsa biyu, a kan wani dutse da ke bakin ƙofarta. Gindin wuƙar kuwa, wajen mariƙi, da gangan ta bar shi a dakushe. Tsakiya ke shiga citta, gindi ke sauka a kan yatsa. Da haka take iya tsagawa idonta na kan hanya, bakinta na cikin hira, hannun yana ta aikinsa shi kaɗai.

A filin Madam Faustina take aiki, bayan layin dogo, inda ake zube citta tsibi-tsibi a kan tamfol. Da, mata goma sha huɗu ne, wani lokaci har a nemo ƙari. Amma tun shekarar da cuta ta shiga gonaki citta ta ruɓe a ƙasa, motocin da ke kawo kaya daga ƙauye suka ragu. Ranar Alhamis Madam ta tara su, ta ce ba ta son ɓoye-ɓoye: mata shida kawai za ta iya riƙewa. Ranar Asabar za ta sa kujera ta zauna ta ga hannun kowa, sannan ta zaɓa.

Mama Milka ce babbarsu. Ta san bayanta ya gaji, ta san gwiwarta ba ta son tashi daga kujera 'yar tsuguno. Amma hannunta bai taɓa ba ta kunya ba, kuma da shi ta dogara. Abin da ba ta so shi ne ta koma zaman gida, ta zama tsohuwar da sai ta jira wani ya tuna sabulunta ya ƙare.

Da sassafe ranar Asabar ta sa hannu a saman taga inda take ajiye wuƙar, sai ta ji takarda. An naɗe wuƙar a cikin tsohuwar jarida, har an ɗaure da zare.

Ɗanta Boaz yana tsakar gida yana goge kekensa mai ƙafa uku. Magidanci ne, 'ya'yansa biyu, amma a kan wuƙa har yau bai girma ba. Yana da wata 'yar wuƙa mai naɗewa a jikin makullin keke, da wasu biyu a akwatin ƙarƙashin kujera, duk wata sai ya kai su wurin Jamiluddeen mai injin wasa wuƙa a bakin kasuwa, alhali ban da lemo da rake ba abin da yake yankawa.

"Mama, buɗe ki gani," in ji shi, yana murmushi, tsumma a hannu.

Ta buɗe. Wuƙar tana walƙiya tun daga tsini har gindi. An cinye lotsawar cikinta an miƙar da bakin, an cire tsohuwar robar an naɗa sabon baƙin salatif. Ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ɗora yatsa a gindin a hankali, ta ɗauke da sauri.

"Jiya da kin tafi zumuntar mata na ɗauka," in ji Boaz. "Na ce wa Jamilu, ka ga wannan, tsohuwata tana da jarrabawa gobe, ka yi mata aikin da ba ka taɓa yi wa kowa ba. Sai da ya aske gashin hannunsa da ita a gabana. Mama, yau ko 'yan matan nan ba za su ga ƙeyarki ba."

Ta dube shi. Fuskarsa irin ta ubansa ce in ya yi abin da yake jiran a yaba. Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye.

"Ka kyauta," ta ce. "Allah ya yi albarka."

"Ki shirya in sauke ki."

"Je ka, kada fasinjan safe su wuce ka. Zan taka."

Sai da ƙarar keken ta ɓace ta tsuguna a bakin ƙofa, ta ɗiga ruwa a kan dutsen, ta shiga goga gindin wuƙar a tsaye don ta kashe kaifin. Ta goga, ta taɓa, ta goga. Injin ya riga ya sirantar da ƙarfen, ya zama kamar reza. In ta kashe nan, sai can ya fito. Aikin kwana uku ne ko huɗu, a hankali. Ita kuwa rana har ta taɓa rufin maƙwabta. Ta naɗe wuƙar a bakin zani, ta kama hanya.

Ta iske mata sun zazzauna, kowace da tsibinta da kwandonta. Madam Faustina tana ƙarƙashin mangwaro a farar kujerar roba, da tabarau, da waya a cinya. Mama Milka ta gaishe ta, ta je ta zauna a gurbinta kusa da Tamar, ƙawarta tun suna amare.

Tamar ta ga wuƙar, ta saki baki.

"Maman Boaz! Sabon miji kika yi ba ki gaya mana ba? Wa ya saya miki?"

"Ita ce dai. Boaz ya kai ta inji."

Dariyar Tamar ta tsaya. Ta karɓa, ta duba gindin, ta ce, "Yesu." Ta rage murya. "Shi wannan yaro, a gidan mai tsaga citta aka haife shi ko a ofis?"

"Taimako ya yi."

"Taimako. To karɓi tawa."

"Ke da kike bahaguwa? Taki a juye take, ina zan kai ta?"

Tamar ta waiga ko akwai mai wuƙa biyu. Ko da akwai, yau ba ranar aro ba ce. Kowa ta sunkuyar da kai.

Aka fara. Mama Milka ta ɗauki citta ta farko tana kallon hannunta, abin da ta manta rabon da ta yi. Wuƙar ba ta jira a tura ta; da an ɗora sai ta wuce. Dole ta riƙa tsayar da ita kafin ta kai yatsa, ta ƙarasa rabawar da murɗawa. Salatif ɗin kuma santsi gare shi, yatsunta suna ta neman ramukan da suka saba kwanciya a ciki ba su samu ba. Kafin hantsi wuyan hannunta ya fara zafi. Ta saci kallon kwandon Tamar, ya kusa rabi. Nata ko gindi bai rufe da kyau ba. A gefe, wasu 'yan mata biyu suna ta zubawa, kacau-kacau, ba sa ko ɗaga kai.

Madam ta zagayo sau ɗaya, ta tsaya a bayanta jim kaɗan, ta wuce.

Da rana ta ɗaga, wata daga can ƙarshe ta ɗauko waƙar zumunta a hankali, irin wadda suke yi in aiki ya yi nauyi. Ɗaya ta amsa, biyu suka amsa. Tamar ta shiga da muryarta mai kauri. Mama Milka ba ta san lokacin da ita ma ta shiga ba. Kafaɗarta ta saki. Idonta ya bar hannun ya koma kan layin dogo, inda awaki ke kwance tsakanin ƙarafa. Hannun ya tuna tafiyarsa ta shekara talatin, citta ta fara faɗawa kwando ɗaya bayan ɗaya, da sauri, da daɗi, har ta ji a ranta cewa ashe za a iya.

A nan ne gindin wuƙar ya sauka a kan yatsa kamar kullum.

Ba ta ji zafi da farko ba, sanyi ta ji. Sai da ruwan citta ya shiga ciwon, raɗaɗin ya hau har gwiwar hannu. Ta matse yatsan a cikin tafi, amma jini ya riga ya bi ta tsakanin yatsu, ya ɗiga a kan farar cittar da ke kwando.

Tamar ba ta daina waƙa ba. Ta kece bakin ɗankwalinta da haƙori, ta miƙo ta ƙasa, ta jawo kwandon da ƙafa zuwa bayan tsibi. Mama Milka ta naɗe yatsan, ta ja ƙullin da baki, ta ɗauki wata cittar. Ta tsaga uku. Ta huɗu ta fito da jan tambari a gefe, ta biyar ma haka.

"Mama."

Madam ce a tsaye a kanta. Waƙar ta mutu.

"Mu ga hannun."

"Ƙwarzane ne kawai, Madam."

"Mu gani dai."

Ta buɗe. Madam ta ja numfashi ta haƙori, ta kira a kawo ruwa da gishiri, ta tsuguna da kanta ta wanke ciwon, ta ciro filasta daga jakarta ta manna. Hannunta da taushi, ba faɗa a fuskarta. Sannan ta jawo kwandon, ta shiga tsince cittar da jini ya taɓa tana jefarwa gefe, ɗaya-ɗaya, kowa yana kallo.

"Ki zauna a inuwa, Mama. Kin san masu saye, in suka ga abu ɗaya a buhu, duka suke mayarwa."

"Madam," in ji Tamar, "ba hannunta ba ne fa. Wuƙar ce, jiya..."

Mama Milka ta taka mata ƙafa. Da Madam ta juya baya, ta ce wa Tamar a kunne, "Kada ki sa sunan ɗana a bakin matan nan. Kafin sujada gobe duk majami'a ta ji."

Ta zauna a gindin mangwaro, hannun a ɗage kamar yadda aka ce ta yi, tana kallon gurbinta babu kowa. Bayan azahar Madam ta tsaya ta kira suna shida. Tamar ce ta huɗu. Da ta gama, ta zo wurin Mama Milka, ta durƙusa kaɗan, ta ce ta yi haƙuri, ta yi aiki ya isa, lokacin hutu ne. In kaya suka ƙaru wajen Kirsimeti za ta aiko. Mama Milka ta ce ta gode. Su duka biyu sun san ba za a aiko ba.

Tamar ta rako ta har bakin titi tana ta masifa, da Madam, da cutar citta, da injin Jamiluddeen, da 'ya'yan zamani, har sai da Mama Milka ta ce, "Koma, ƙawa, kada su zama biyar."

Tana tsaye a nan keken Boaz ya ɓullo daga wajen kasuwa, babu fasinja. Ya taka birki yana dariya, zai tambayi yadda aka yi, sai idonsa ya sauka a kan filastar. Ya dubi filin, ya ga sauran suna zaune suna aiki, ita tana tsaye da jakarta a tsakiyar rana. Ya kashe injin.

"Mama. Wuƙar ce?"

"Tsufa ne."

"Mama."

"Na ce tsufa ne. Za ka ɗauke ni ko in tari wani?"

Ta shiga baya, ta zauna a kusurwa. Ya daɗe riƙe da kan keken bai tayar ba, tana ganin ƙeyarsa. Ba ta da ƙarfin lallashinsa, ba ta kuma da ƙarfin yi masa faɗa.

"Gida?" ya tambaya a ƙarshe, muryarsa a ƙasa.

"Ba yanzu ba. In na shiga unguwa da rana tsaka, kafin in kai ƙofa mutum goma sun tambaye ni lafiya. Ka ci gaba da aikinka. In rana ta yi sanyi, lokacin da na saba dawowa, sai ka sauke ni."

Haka aka yi. Ya ɗauki wata malama zuwa wajen jami'a, ya dawo da ɗalibai biyu suna ta surutu da Turanci, ya kai wani tsoho asibiti. Wani mai buhun masara ya ce a matsa masa, Boaz ya ce wannan kujerar a kame take, ya jira na baya. Ba wanda ya san ko ita wace ce. Fasinja ce kawai da ba ta sauka. Yatsan yana bugawa kamar zuciya. Iska tana shigowa ta gefe, ta jingina kai da ƙarfen rufi, shaguna da mutane suna wucewa, wuraren da ta shekara ba ta gani da rana ba.

Wajen zagaye na uku idonta ya fara rufewa. Abin da ta iya ji kawai shi ne duk inda rami yake a titi, keken yana rage gudu, ya lallaɓa ya wuce, masu babur a baya suna ta danna masa ham.