Dogo Ne, In Ji Matarsa

Wata uku ke nan da ambaliya ta raba Gwaggo da mijinta. Ita motar ceto ta kawo ta wannan sansani, shi kuwa ba wanda ya san inda aka yi da shi. Kullum da safe tana kan bencin ofishin neman 'yan uwa, wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da fankar da ƙara kawai ta iya. Abinci ba ya shiga, don tsoro ɗaya ne a ranta: kada a ce ruwa ya tafi da shi.

Ran da ta fara zuwa, mai rajista ta tambayi kamanninsa, domin sunansa irin wanda in ka kira mutum goma za su waiwayo ne. Gwaggo ta gyara zama.

"Dogo ne, 'yata. Ga suma, ga haƙora reras."

Aka rubuta, aka aika sauran sansanoni. Dogaye kam an samu har bakwai, sai dai babu nata a ciki.

Ran nan mai rajista ta ajiye biro. "Mama, don Allah ki sake tunani. Ba wata alama?"

Haƙurin Gwaggo dama ya kai maƙura.

"Alama? Wannan gajeren mai sanƙo? Haƙora huɗu suka rage masa, kunnuwa kamar marfin tukunya! Na ce mu gudu, ya koma ɗauko zartonsa. Kafinta sarkin taurin kai!"

"To Mama, dogon fa?"

"Haka kawai in tona wa mijina asiri a takardar hukuma?"

Cikin kwana biyu aka gano shi a wani sansani. Ashe shi ma ya cike takarda a can, yana neman mace mai sanyin hali wadda ko muryarta ba a ji. Mai rajista ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta kira can, ta ƙara muryar wayar, ta ajiye a tebur. Gwaggo ta tanadi faɗan wata uku cur. Amma da ta ji tarinsa, wannan tarin nasa na ƙurar katako, sai magana ta maƙale mata. Hawaye kawai ke zuba.

Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru.

"Yarinya," ya ce da mai rajista, murya a sanyaye, "kun yi kuskure. Tawa ba ta taɓa yin shiru haka ba."

"Kai ne kuskuren, Malam!" Gwaggo ta daki tebur. "Wato zarto ya fi ni, ko? Wata uku ban runtsa ba saboda kai!"

Sai aka ji tsoho ya fashe da kuka a waya.

"Ita ce," ya ce. "Wallahi ita ce. Ci gaba, kada ki tsaya."